Ni Ba Agwagwa Ba Ce

Tun da anka haife ni ban taɓa zama kan benci gaban malamin boko ba, kuma har yau ban ga abin da hakan ya rage mani ba. Abin da Allah Ya ba ni baki ne. Wannan ma da kuke karantawa ni ke faɗi, matar jikana ke rubutawa. Na ce mata ta sa magana yadda ta fito daga bakina, ita kau tana ta sassaƙe mani wasu, wai don mutanen nesa su gane. In kun ishe inda zance ya yi santsi da yawa, hannunta ne, ba nawa ba.

Zamanin da ake ban ruwa da jigo a bakin gulbi, kafin a gina muna dam ɗin ga na Goronyo, in na shimfiɗa tabarma na buɗe baki da tatsuniya, yaran unguwa har tuwonsu suke bari ya huce. Doka guda gare ni: ba a tsallake. In na ba yaro labari yau, gobe na ce ya maido mani shi, sai ya yi wuf ya haye daga bakin rijiya zuwa tsakiyar daji, nan take nike tare shi. "Tsaya. Ta ɗebo ruwa, sai mi?" Dole ya komo baya ya bi hanya a hankali. Har kwaikwayona yara suke yi da kalmar in sun ga na ba da baya.

Sai dam ya zo. Ruwa ya bi kanal ya shiga gonaki, rani ya koma kamar damina, albasa da shinkafa da tafarnuwa sunka cika fadama tun daga nan har Wurno. Injin ban ruwa ya kori jigo, ban kau yi baƙin ciki ba, don na san yadda jigo ke cin kafaɗar namiji. Daga baya waya ta zo ta kori tatsuniya. Wannan kam na ji shi. Yaran da ke zama gabana baki buɗe sunka koma zama gaban abin da bai kai tafin hannu ba. Ban roƙi kowa ba. Na naɗe tabarmata na jingine bayan ƙofa, na ce mai so ya zo. Ba wanda ya zo.

Haka muna nan har jikana ya gama karatu a Sakkwato. Ɗan babban ɗana ne. Uban manomin albasa ne, shi kau tun shina ƙarami in an aike shi gona sai a ishe shi gindin itace ya kwance rediyon uban shina leƙen cikinta. Ya komo da jaka a baya, cikinta wata na'ura shimfiɗaɗɗiya mai buɗewa kamar faifai biyu da anka ɗinke ta gefe guda. Laftof sunanta. Ya kama ɗakin da ke kusa da zaure, ya ɗora sola bisa kwanon rufi, ya jera batir a ƙuryar ɗaki, ya shige ciki. Ba gona, ba kasuwa, ba ofis.

Tun ranar suna nai maigida nike ce mashi. Shi kuma in faɗa yake nema ya ce mani tsohuwa, in fura yake so ya ce amarya.

"Maigida," na ce, "wai mi ne ne aikin nan naka? Mutane na tambaya ta."

"Gina shafi nike, tsohuwa."

Kunnena kau ya ji gini da shafe. Na ce alhamdu lillahi, ashe sana'ar hannu anka koyo. Kafin la'asar na gaya wa duk wadda ta shigo gidanmu. Washegari sai ga maƙwabciyata ta yi sallama, wai bangon ɗakinta ya tsage, mai shafen ya zo ya duba mata kafin damina. Yaron ga ya yi dariya har ya kwanta ƙasa. Da ya samu numfashi ya ce mani abin kamar rumfar kasuwa ne, sai dai kasuwar tana cikin waya. Mutum shina zaune Gandi ko Taloka, ya danna, ya shiga rumfar, ya ga abin da anka jera. Shi ke kafa rumfar, ya jera kayan, ya gyara ƙofa yadda za ta buɗe wa kowa.

"To ai magini ne kai," na ce. "Ina ƙaryata?"

Don kada maganata ta faɗi ƙasa, sai da na sa shi ya je ya taya mai shafen gaske kwaɓa ƙasa a gidan maƙwabciyar. Ya komo da taɓo har gwiwa shina kirana azzaluma.

Wani hantsi zan wuce da ƙwaryar wake, na ji shi daga ciki shina tsaki. "Kai, wanga ƙwaro ya hana ni sakat!" Na aje wake, na ɗebo toka, na ɗauko tsintsiya, na ce a nuna mani inda yake. Nan ma sai da ya dara. Wai su a aikinsu in kuskure ya ɓoye cikin rubutu ya hana rumfa buɗewa, ƙwaro suke ce mashi. Na leƙa na'urar. Fuskarta baƙa ƙirin, rubutun launi-launi ƙanana sun jeru kamar ayarin tururuwa.

"Zauna, tsohuwa," ya ce. "Bari in gaya maki abin da ya kamata ya faru, ko na huce."

Na zauna bakin ƙofa ina tsintar wakena. Ya fara: mutum ya shigo, ya danna nan, wannan ya kira wancan. Ko kalma guda ban gane ba. Amma labari labari ne, kuma bakina ya saba.

"Sai mi?" na ce.

Ya ci gaba.

"To, sai mi?"

Shina cikin magana sai ya tsaya cak, baki buɗe. Ya dafe goshi, ya juya, ya ɗan ƙwanƙwasa na'urar da yatsu. "Na gan shi! Wallahi na gan shi!" Ashe wani ɗan ɗigo ne da bai kai ƙwayar gero ba ya manta bai sa ba. Ya juyo shina washe baki. "Allah Ya bar mani ke, amarya."

Ban san mi na yi ba, amma godiya in ta zo ba ni mayar da ita. Na ce ba komi, ƙaramin aikina ne.

Tun daga ranar tabarmata ta fito daga bayan ƙofa. Kullum hantsi in shimfiɗa ta gindin itacen dogon yaron da ke bakin ɗaki nai, in kawo ɗan abin da hannuna zai yi, ko tsinta ko ɓarzar gyaɗa. In abu ya cije mashi sai in ji, "Tsohuwa, ƙwaro!" In gyara ɗaurin kallabi in ce a kawo shi. Matan unguwa in sun tambayi ina nike, sai a ce ina wajen aiki.

Zama kusa da shi na ga halayen sana'ar, kuma wasu sun burge ni. Ba ya taɓa sa hannu ya gyara abu sai ya aje na jiya yadda yake, don in sabon ya ɓaci ya samu wurin komawa. Ajiyar ma ba wuri guda ba: akwai cikin na'urar, akwai cikin wani ɗan abu kamar kwalin ashana da ke yawo aljihu nai, akwai kuma wanda ya ce mani shina cikin gajimare. Na ce to Allah Ya sa kada a yi ruwa da shi. Amma na yaba, don ni ma ban taɓa zuba irin shuka duka a rumbu guda ba.

Akwai wata tsohuwar waya gare shi, fuskarta ta tsage, an ɗaure ta da roba. Duk rumfar da ya gina sai ya buɗe ta cikin wannan gurguwar kafin ya ce ya gama. Na ce mi ya hana ka yar da ita, ga mai kyau a hannunka? Ya ce, "Mutanenmu irin wagga suke riƙewa, tsohuwa. In ta buɗe a nan, ta buɗe ko'ina." Hotuna kuma matse su yake su ƙanƙance, wai kada su cinye wa talaka data kafin ya ga abin da ya zo gani. Ranar Alhamis da yamma ko za a yanka shi ba ya sakin sabon aiki, ya ce ba ya so ya tsaya sallar Juma'a da ƙwaro a zuciya. In ido ya fara mashi yaji sai ya fito ya tsaya ya zura wa giginyar bayan gari ido, kamar mai jiran baƙo. In kai ya toshe gaba ɗaya, ya rufe na'ura ya taka zuwa bakin kanal ya komo. Sau da yawa tun daga zaure nike jin shi shina sauri, ya samo amsa a hanya.

Cikin haka anka yi mashi aure da ɗiyar gidan malamai daga Wurno. Ita ce ke riƙe da alƙalamin ga yanzu, don haka ba ni faɗin aibinta, sai kaɗan. Ta ishe ni da wurina gindin dogon yaro, ta kuma girmama shi. Har kujera 'yar tsugune ta sai mani, na ce tabarma ta ishe ni.

Rannan wani aboki nai ya zo daga Rabah, dogo mai tabarau, shi ma irin aikin yake. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, na dama musu fura. Suna ciki sai na ji an ce, "Tsohuwa, ƙwaro!" Na matso, anka fara, na jefa "sai mi" ɗina inda ya dace, ƙwaro ya faɗo. Ina jiran baƙo ya yaba, sai na ga ya cire tabarau shina share hawayen dariya.

"Kai, ashe wagga ce agwagwar taka da kake ba mu labari! Wallahi ka fi mu sa'a, taka har fura take damawa."

Na ce, "Agwagwar wa?"

Maigida ya fara yi mashi ido, amma dogon bai gani ba, tabarau na hannu. Ya gyara zama ya yi mani bayani dalla-dalla, shi a ganin shi abin daɗi yake faɗi. Wai masu aikinsu ko'ina cikin duniya suna aje 'yar agwagwar roba bisa tebur, irin wadda ake sa wa jarirai cikin ruwan wanka. In abu ya cije, sai su gaya mata matsalar da baki, daki-daki. Cikin faɗin ne mutum ke jin kuskuren kansa da kunnensa.

"Ita agwagwar ba sai ta san komi ba, Kaka," ya ce. "Ko dutse ka aje ya yi."

Ko dutse.

Ni da nike gyara kallabi kullum. Ni da na gaya wa matan unguwa ina wajen aiki. Kuma cikin duk halittun Allah a rasa wadda za a haɗa ni da ita sai agwagwa, mai tafiya tana murguɗa baya, baki kullum cikin kwata.

"Amarya," maigida ya ce, "wasa ne fa, suna ne kawai da..."

"Amaryar wa? Je ka nemi dutse."

Na naɗe tabarmata a natse, ban yi sauri ba, don kada a ce fushi na yi. Furar baƙo na bar mashi, ni 'yar mutunci ce. Ta maigida kau na ɗauke.

Washegari da hantsi na ji kiran. "Tsohuwa, ƙwaro!" Daga ɗakina na amsa, "A gaya wa agwagwa!" Lissafina shi ne zai zo da goro, ya durƙusa, in ja mashi rai kaɗan, in komo. Amma sai matar tai ta tafi ganin gida, daga can ta leƙa Sakkwato, ta komo da wani ƙunshi tana ƙunshe dariya. Agwagwa ce ta roba, rawaya, baki ja, in an matsa cikinta ta yi ƙiiƙ. Ta ce wai don in yi dariya ta sawo. Ga ta nan zaune tana rubutawa tana sunkuyar da kai, har yau haka take cewa.

Shi kuma ɗan neman maganar ya karɓa ya ɗora ta bisa tebur kusa da na'ura. Ina ɗakina sai in jiyo shi ta taga, da muryar nan tai da yake mani magana: "To kin gani, malama agwagwa, mutum ya shigo, ya danna nan..." Na ce bari mu gani. Can wata safiya na ji abin da ban so ji ba. "Na gan shi!" Ba ni wurin. Ba wanda ya ce sai mi. Ƙwaro ya faɗo gaban roba.

Ranar abinci bai yi mani daɗi ba. Lokacin da yara sunka bar tatsuniya, waya ce ta ɗauke su, ita kau ko ba komi tana magana, tana waƙa. Yanzu abin da ko numfashi ba ya yi ya zauna wurina. Na dubi tabarmata a bayan ƙofa na ce a raina, in roba ta isa, to wannan jinginar ita ce ta ƙarshe, ba mai sake cewa in shimfiɗa. Amma in je da ƙafata in ce a maida ni aiki? Ba a haife ni don haka ba.

Lokacin kau cirar albasa ta kama. Wata ƙungiyar manoman rani ta ba shi aiki ya gina musu shafi, inda manomi zai shiga ta waya ya ce ga ni wuri kaza da kaya, masu manyan motoci su gani su biyo su ɗauka. Aiki ya yi kyau, mutanen cikin gari na ta sa albarka. Sai ƙorafi ya fara zuwa daga ƙauyuka. Na Gandi da na Giyawa sunka ce sun sa saƙonsu, shafi ya ce musu an karɓa, sun fito da buhuna bakin hanya, mota ba ta zo ba. Direbobi kuma sun rantse ba su ga komi ba. Albasa kau ba ta son zaman rana cikin buhu.

Uban ya zo ya tsaya bakin ɗakin da fartanya a kafaɗa. "Kai, mutane sun dame ni da kira. Ni sunka sani, ba kai ba. Mi yaf faru da abin nan naka?"

"Ina dubawa, Baba."

Ya duba, ya sake dubawa. Ya gwada cikin gurguwar waya, saƙo ya shiga lafiya lau. Ya taka bakin kanal ya komo hannu rabbana. Giginya ta sha kallo har ta gaji. Tuwo ake kai mashi a ɗauko shi yadda anka kai.

Ni kuma sai shanyar kuɓewata ta ƙi yin kyau ko'ina cikin gidan sai daidai ƙarƙashin taga tai. Rana ta fi bugawa nan, kowa ya sani. Ina baza kuɓewa ina jin shi da mutuniyar tai.

"Manomi ya rubuta, ya danna, saƙo ya tafi, shafi ya ce an karɓa, direba ya gani. To ina matsalar?" Ya matsa cikinta, ta ce ƙiiƙ. Ya sake ɗaukowa daga farko, da gudu, kamar yaron da ya haddace abu shina so a sallame shi ya tafi wasa.

Harshena ya dinga ƙaiƙayi. Ban san mi ke cikin na'urar ba, amma kunnen ga nawa ya san tsallake in ya ji shi. Yaron ga tsallake yake, a wuri guda, kullum, ita kau robar ta zuba mashi ido tana murmushi. Na cije leɓe na ci gaba da juya kuɓewar da ta riga ta bushe.

Matar tai ta biyo ni ɗaki ta durƙusa.

"Kaka, don Allah ki taimaka. Ko barci ba ya yi."

"Ina agwagwarki?"

"Wallahi, Kaka, don dariya na sawo ta."

"To ga shi muna ta dariya. Ni ba a aiko mani ɗan saƙo. Mai so ya zo."

Da hantsi ina zaune ina taunar goro sai ga shi ya yi sallama. Ya miƙa hannu bayan ƙofa ya ɗauki tabarmata, ya fita da ita. Na leƙa. Ya kakkaɓe ta, ya shimfiɗa gindin dogon yaro, ya aje farin goro a gefe, shi kuma ya zauna ƙasa ya ɗora laftof bisa gwiwa. Na bar shi ya ɗan sha zama. Na canza kallabi, na fito ina duban sama kamar iska na fito sha, na zauna.

Ya dube ni, ido duk ya faɗa, amma bakin bai mutu ba.

"Ga ta nan, ga ta nanku," ya ce.

Duk tsawon rayuwata ni ke faɗin wannan, wasu su amsa. Na gyara ɗaurin kallabi na ce, "Ta zo mu ji."

"Manomi shina Gandi, ya buɗe shafi."

"Sai mi?"

"Ya rubuta garinsu da irin kayan da ke gare shi."

"Sai mi?"

"Ya danna. Saƙo ya tafi, shafi ya ce an karɓa, direba ya..."

"Tsaya, tsaya. Wa ke korar ka? Saƙo ya tafi. Sai mi?"

"Sai shafi ya ce an karɓa."

"Ban tambaye ka shafi ba. Saƙon nike tambaya, ka bar shi kan hanya. Ya tafi, sai mi?"

"Sai ya isa mana, tsohuwa."

"Kai dai ka ce ya tafi. Wa yag ga isa tai?"

Ya buɗe baki zai amsa, bakin ya tsaya a buɗe. Na san wannan fuskar. Ya dafe goshi da hannu biyu, ya ce innalillahi, ya duƙa kan na'urar shina ƙwanƙwasawa. Ni kau na ɗauki gorona na ɓare.

Sai daga baya ya warware mani. Ashe ya gina shafin ne yadda da an danna zai ce an karɓa, ba tare da ya jira amsa daga can inda saƙon ya nufa ba. A ɗaki nai sabis na da ƙarfi, saƙo kullum isa yake, shi ya sa ko gurguwar waya ba ta tona asirin ba. A ƙauye kau, inda sabis ke zuwa shina ɗaukewa, sai saƙo ya faɗi a hanya, shafi kuma ya riga ya yi wa manomi albishir. Na ce ni duk wannan ban sani ba. Abin da na sani, ba a barin mutum tsakiyar hanya cikin labari a wuce gaba.

Bayan azahar ya hau babur da gurguwar waya a aljihu, ya nufi hanyar Giyawa, ya nemi inda sabis ya fi taurin kai, ya tsaya nan ya gwada. Ya komo gab da magariba, tun daga zaure shina kira, "Amarya, ina fura?" Yanzu shafin in an danna cewa yake a dakata, saƙo na kan hanya, in ya faɗi ya sake tura shi, ba ya cewa an karɓa sai an karɓa ɗin. Motoci sunka bi ƙauyuka sunka kwashe albasa, uban ya samu kunne nai ya huta. Tun daga nan kuma ba ya cewa ya gama aiki sai ya kai shi hanyar Giyawa ya ga yadda zai yi.

Na dama furar, amma na riƙe ludayi a hannuna.

"Dutse zai iya abin da anka yi yau?"

"Ba zai iya ba."

"Agwagwa fa?"

"Ita duk abin da na ce yarda take. Ko rami na tsallake ba ta tare ni."

"To kira dogon nan na Rabah ka gaya mashi. Ka buɗe muryar in ji."

Ya kira. Ya faɗi komi, ina gyara mashi inda ya rage. Dogon ya yi ta ba da haƙuri, ƙarshe ya ce, "Kaka, don Allah a ba ni aron ki, akwai wani ƙwaro da ya hana ni cin abinci."

"Ni ba turmi ba ce da za a ba da aro," na ce. "Mai so ya zo."

Agwagwa dai ban sa an yar da ita ba, kuɗin ɗiyar mutane ne. Tana nan bisa tebur. Mun raba aiki: ƙananan ƙwari na bar mata, dama abincinta ne. Manya kau, masu hana cin tuwo, ana fito da su gindin dogon yaro.

Ranar kasuwa ta zagayo ina zaune kan tabarmata ina ɓarzar gyaɗa, sai na ji babur ya tsaya ƙofar gida. Dogon ne, jaka a baya, ƙullin goro a hannu. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaishe ni har da tambayar ƙafafuna. Ya zauna ƙasa ya buɗe na'ura tai, ya gyara tabarau, ya fara zuba bayani da gudu kamar ana biye da shi. Shi ma mai tsallake ne, tun numfashin farko na ji. Na bar shi ya ɗan yi nisa, don baƙo ne, sa'an nan na aje gyaɗar na ɗaga mashi hannu.